Jeren Amarya a Kan Ruwa

Hayaƙin ne ya fara ɗaukar hankalina. Zahra ta miƙo min wayarta a kicin ɗina da ke Longsight, ta ce, "Anti, kalli gidanmu." Na ga wani dogon jirgin ruwa siriri, kore shar, an ɗaure shi a gefen wani ruwa mai kwanciya, ga tukwanen furanni a kan rufinsa, ga ɗan hayaƙi yana fita ta bututu yana bin iska a hankali. Na daɗe riƙe da wayar har miyata ta kusa kamawa. Ni tun ina 'yar sakandare a Kano nake karɓar hayar littattafan soyayya a bakin kasuwa, ina ɓoye su a tsakiyar littafin lissafi. Na karanta amaren da aka kai gidan bene, da waɗanda aka kai gidan gona, amma ban taɓa cin karo da wadda aka kai kan ruwa ba. Na ce a raina, yarinyar nan Allah ya ba ta abin da marubuta ma ba su hango ba.

Zahra 'yar yayata ce, a nan Manchester aka haife ta, aikin jinya take yi. Saurayinta Mubarak ɗan Birmingham ne, shi ma haihuwar nan. Tsadar haya ce ta sa ya sayi tsohon jirgi ya gyara yake zaune a ciki, ita kuma ta gani ta ce tana so. Mahaifinta ya yi ta jan ƙafa, daga ƙarshe ya bar maganar a hannun yayarsa, Gwaggo Asabe, wadda ta zo daga Kano domin bikin. Za ta je jere ranar Alhamis ta ga wurin da idonta. Idan ta amince, a ɗaura aure ranar Asabar. Idan ta ƙi, a ɗaga sai yaro ya nemi gida mai tushe a ƙasa. Aka haɗa ta da ni, maigidana Abban Nana kuma ya ja mota. 'Yan'uwa na gida sun dame ni a waya da tambayar yadda aka yi, shi ya sa na zauna na rubuta muku.

Alhamis: Longsight zuwa Whalley Range

Muna idar da sallar asuba muka fito. Watan Nuwamba ne, gari baƙi ƙirin, sanyi yana shiga har cikin haƙora. Titin Stockport babu kowa sai bas-bas masu hawa biyu suna wucewa da fitilunsu, da wani mai shagon nama yana ɗaga ƙofarsa. Motar kaya Abban Nana ya ɗauko haya, fara, mai kujera uku a gaba.

A gidan su Zahra da ke Whalley Range muka tarar an tara kaya a falo har ba wurin taka ƙafa. Kafet sabo a naɗe, tukwane saiti-saiti, kuloli, farantan tangaran kwali bisa kwali. Aka ce a haɗa da kayan gara tunda tafiya ɗaya ce, aka ƙara buhunan shinkafa da jarkokin mai da garin tuwo. A gefe kuma ga turmi da taɓarya da Gwaggo ta taho da su tun daga Kano.

Zahra ta leƙo daga saman bene ta ce, "Gwaggo, please, jirgin fa ƙarami ne. Rabin wannan ma ba zai shiga ba."

"Koma ciki, marar kunya," in ji Gwaggo. "Amarya ce ke leƙen kayan ɗakinta? 'Yar ƙanena ba za ta shiga gidan miji da cokali biyu kamar wadda aka tsinto ba."

Da za mu tashi, Zahra ta biyo ni bakin ƙofa ba takalmi, ta riƙe min hannu. Idanunta sun ciko. Ta ce, "Anti Hauwa, ke kaɗai kike ganin abin da nake gani. Kada ki bari a ɗaga." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, kamar wani abu ne a hannuna.

Babbar hanya

Muka hau babbar hanyar M6 gari yana fara wayewa. Hazo ya kwanta a kan gonaki, tumaki sun yi tsaye-tsaye a cikinsa kamar an zana su. Gwaggo tana kujerar tsakiya, rigar sanyi biyu a jikinta, carbi a hannu. Da muka yi nisa ta dubi Abban Nana.

"Wai Malam, shi kwale-kwalen nan da daddare ɗaure shi ake, ko barinsa ake ya yi ta yawo da mutane?"

"Ɗaure shi ake, Gwaggo," in ji Abban Nana. "Igiya gaba, igiya baya."

"Kamar akuya ke nan."

Na so na taimaki Zahra, na fara ba ta labarin yadda farin wata zai riƙa sauka a kan ruwan, da yadda amarya za ta buɗe taga da safe ta ga agwagi suna wucewa. Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

"Hauwa'u, littattafan nan sun gama da ke. Farin wata ake ci?"

Wajen Stafford muka tsaya a wurin hutun matafiya. Da Gwaggo ta ji abin da ake sayar da kofin shayi, ta ce mu koma mota. Ta zaro filas na kunun gyaɗa da ƙullin dambun nama daga jakarta, muka karya a nan, gilashin mota yana ta yin gumi. Daga nan tafiya ta yi daɗi sai da muka kusa shiga Birmingham, inda gosulo ya riƙe mu a kan wasu gadoji da suka nannaɗe juna kamar taliya.

Lozells

Da hantsi muka isa gidan Hajiya Binta, mahaifiyar Mubarak, a unguwar Lozells ta Birmingham, a wani layi na gidaje masu manne da juna. Ta tarbe mu da waina da miyar taushe, ɗakin yana ƙamshin turaren wuta. Mubarak ya shigo ya durƙusa har ƙasa. Dogo ne, mai saje, mai sanyin murya, irin samarin da ake siffantawa a shafin farko na littattafan soyayya. Hausarsa tana ɗan tuntuɓe, amma gaisuwar ta fita daidai, da alama an yi bita.

Gwaggo ta amsa a taƙaice. Hajiya Binta ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Hajiya, ni ma na yi faɗan har na gaji. Ga ɗaki a sama na ce su zauna, ya ce shi ba zai kawo 'yar mutane ta riƙa bin layin banɗaki da ƙannensa ba."

"Za mu gani dai," in ji Gwaggo.

Bakin ruwa

Ruwan ba kogi ba ne, haƙa shi aka yi tun zamanin da don jigilar kaya, kanal suke ce masa. Mota ba ta isa bakinsa. A gindin wata gada muka ajiye ta, maza suka yi ta jido da baro ta wata siririyar hanya mai taɓo. Can na hango jirgin. Ya fi yadda yake a hoto kyau. A ciki kuwa, idan ka buɗe hannuwanka saura kaɗan ka taɓa bango biyu, amma tsawonsa kamar soro bayan soro: falo mai murhun itace, kicin, banɗaki, can ƙurya ɗakin kwana. Ko'ina tsaf, da ɗumi. Mubarak ya ce tun safe ya tayar da inji don mu sami ruwan zafi na alwala, domin zafin injin ne ke dafa musu ruwa.

Da aka gama shigo da kaya ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce, "Gwaggo, abu ɗaya kawai. Kayan masu nauyi, idan za a..."

"Fita. Ango ba ya tsayawa wurin jere. Ko a garinku haka ake yi?"

"A'a, Gwaggo, it's just the weight, nauyin..."

"Hauwa'u, fitar min da shi."

Ni ma dariya nake yi, na ce, "Je ka, ango, ka bar mana. Sai ka dawo ka ga aljannar duniya." Abban Nana ya ja shi suka tafi masallaci.

Jere a wurin Gwaggo ƙa'ida gare shi: a bango ɗaya ake yi, yadda mai shigowa zai ga arzikin yarinya a kallo ɗaya. Ta zaɓi bangon hagu. Muka jera tukwane daga babba zuwa ƙarama, farantai a kan kanta, buhunan shinkafa a ƙasa, jarkoki a gefensu, turmi a kusurwa. A bakin ɗakin kwana akwai wani kabad, shi ma a hagu. Ƙasansa a rufe yake da katako, samansa kuma kanta ce, nan Gwaggo ta jera kulolin da ta fi ji da su. Muka shimfiɗa kafet tun daga ƙofa har ƙurya, muka cire takalma. Lokaci-lokaci nakan ji wani abu a ƙarƙashinmu ya yi gurnani kaɗan ya yi shiru. Ni a raina na ɗauka numfashin jirgi ne, har na ji ya burge ni.

Na cire safa na yi alwala, ina fitowa na ga wani lemo ya gangaro daga kan tebur da kansa, ya bi ƙasa ya tafi bangon hagu ya tsaya. Ban gama mamaki ba na ji ihu daga ƙurya.

"Innalillahi! Hauwa'u, ruwa! Ruwa ya ci mu!"

Gwaggo da ke kukan gwiwa tun Manchester, ban san lokacin da ta wuce ni ta haye matakala ta dira a kan ƙasa ba. Na bi ta a guje. Daga waje na ga abin da ya ɗaga min hankali: jirgin ya karkata hagu, kamar mai jin barci. Gwaggo tana tsaye da jiƙaƙƙiyar safa, tana cewa a ba ta waya ta kira ƙanenta. Wayar kuwa tana cikin jakarta, jakar tana kan gadon amarya.

Na yi bisimilla na koma. A bakin ɗakin kwana kafet ya jiƙe sharkaf, ba yadda zan yi sai na taka. Ina sa ƙafa na tsaya cak. Ruwan da ɗumi. Na sake takawa. Ɗumi sosai, kamar wanda aka sirka wa jariri. Ruwan da ke waje kuwa ko yatsa ba ka iya sa masa don sanyi.

Na fito da jakar na ce, "Gwaggo, ruwan nan ba daga waje yake shigowa ba. Da ɗuminsa."

Kafin ta amsa sai ga su Mubarak sun dawo. Yana ganin yadda jirgin ya karkata ya zubar da ledar hannunsa ya faɗa ciki. Ya kashe wani makunni, ya cire katakon ƙasan kabad ɗin nan, ya haska da tocila. Wani tanki ne na jan ƙarfe a kwance, an naɗe shi da soso. Gindinsa ya yi tsatsa kore-kore, ruwa yana ɗiga ɗis, ɗis.

Ya fito ya durƙusa a gaban Gwaggo a cikin taɓo, ya yi bayani da Hausa da Turanci, ina cike masa. Tankin ruwan zafi ne ya huje. Gurnanin da nake ji injin tura ruwa ne yake mayar da abin da ya zube. Ya ce ya kwana biyu yana jin sa, hidimar biki ta sa bai bincika ba. Da can ruwan yana bi ta ƙarƙashin daɓe ya tafi baya inda ba a gani. Da muka tara nauyi a gefe ɗaya sai jirgi ya karkata, ruwan ya sauya hanya ya fito kan kafet.

"Wallahi Gwaggo ba nutsewa yake ba. Ruwan famfo ne."

"Ruwa dai ruwa ne," in ji ta. "Ya zo ta sama ko ta ƙasa, kafet ɗin 'yata ya jiƙe tun ba ta taka shi ba."

Ta daɗe tana kallon wayar a hannunta. Hawaye ya taru a idon yaron. Can ta mayar da ita jaka. Ta ce ta ba shi zuwa magaribar gobe, domin a lokacin ne ƙanenta zai sanar da liman da jama'a ko akwai ɗaurin aure ko babu. "Idan na ga ɗigo ɗaya, ɗaya tak, ka nemi gida."

Mubarak ya yi ta buga waya har ya sami wata mai gyaran jirage da ke da tanki a ajiye, amma ta ce sai an kai mata jirgin. Maza suka mayar da shinkafa da mai bangon dama, jirgi ya miƙe a gaban idonmu. Muka naɗe kafet muka kai Lozells aka baza a kan hita, a can muka kwana. Zahra ta kira ni tana kuka, na yi ta yi mata addu'a.

Juma'a: tafiyar ruwa

Shirin shi ne maza su kai jirgi, mu mata mu jira a gida. Da safe sai ga Gwaggo ta fito da rigunan sanyinta biyu.

"Da ni za a. Idan zai nutse, ya nutse da ni kafin ya nutse da 'yar ƙanena."

Mubarak ya sa mata rigar ceto mai ruwan lemo a kan hijabi, ta zauna a gaban jirgi ta riƙe ƙarfe da hannu biyu. Na zauna kusa da ita. Jirgin ba ya sauri ko kaɗan, har wata mata mai tura keken jariri ta wuce mu a hanyar gefe ta ɗago mana hannu. Muka bi ta bayan tsofaffin masana'antu na jan bulo, ta ƙarƙashin gadoji masu duhu inda ruwa ke ɗigo mana a ka. Wani zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya bai ko kalle mu ba. Rana ta ɗan leƙo, ganyayen da suka zubo suna yawo a kan ruwa kamar an watsa zinariya. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna amsar jiya, na rufe.

Ita ce ta yi magana, idonta a kan ruwa.

"Auren fari wani gari aka kai ni a bakin Kwara. Ina da ƙawa, Ladi. Ni na yi mata lalle. Aka zuba 'yan kai amarya a jirgi da kayanta duka, ni ciki ya tsufa aka ce na tsaya. Ina tsaye a gaɓa ina jin guɗarsu. Suna kaiwa tsakiya ya kife." Ta gyara riƙon ƙarfen. "Kwanukanta ne suka fara tasowa, suna ta yawo. Ita sai washegari."

Na kama hannunta, sanyi ƙalau. A duk littattafan da na karanta, ruwa wurin hira ne da masoyi. Ban taɓa tsayawa na tambayi abin da tsohuwar nan take gani ba idan an ce mata ruwa.

Wurin gyara

Kafin hantsi ya dubi ludayi muka isa. Wuri ne mai tarin tsofaffin jirage da warin gas. Mai gyaran wata Baturiya ce gajeriya, furfura fal kanta, hannuwanta baƙi da mai. Ta ce sunanta Janet. Gwaggo ta gwada sau biyu, ta ce, "Ni dai Jummai zan ce mata, ai yau Juma'a."

Janet ta sa aka buɗe duk famfuna, ta haɗa tiyo a gindin tankin, maza suka yi ta fita da bokitai har ya tsane. Ana cikin haka lokacin masallaci ya yi. Mubarak ya ce shi zai tsaya.

"Tanki ne zai hana ka Juma'a?" in ji Gwaggo. "Da wane bakin za ka roƙi Allah ya daina ɗiga? Ku tafi."

Haka aka bar mu mu uku. Janet ta kwanta rubda ciki, rabin jikinta a cikin kabad. Ni na riƙe tocila. Akwai tiyo biyu da suka taho daga inji ɗauke da ruwan lagireto. Ta matse su da wani abu kamar awartaki, ta ce wanda zai zubo guba ne, kada ya shiga kanal. Gwaggo ta ji fassarar, ta ɗauko roba ta durƙusa ta tara da kanta. Janet ta bi mahaɗan da sifana ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ƙi kwancewa, ta yi mata wata magana da ban fassara ba.

"Me ta ce?"

"Addu'a take yi, Gwaggo."

"Ƙarya kike. Na san zagi ko da wane yare ne."

Muka ciccibo tsohon tankin mu uku muka fitar da shi da kyar. Janet ta yaye soson ta nuna mana hujin. Bai kai kan allura ba. Gwaggo ta shafa shi da yatsa ta girgiza kai: "Wannan ɗan abin ne zai raba aure."

Sai ga wata matsala. Sabon tankin ya fi tsohon ƙiba, ya ƙi shiga. Janet ta auna ta sake aunawa, ta ce ba makawa sai an yanke kantar da ke sama. Kantar kulolin Gwaggo ke nan. Na faɗa mata ina jiran faɗa. Ta dubi kulolin, ta dubi taga inda rana ta riga ta fara karkata, domin yini a wannan watan gajere ne. Ta miƙe ta sauke su ɗaya bayan ɗaya, ta dafe katakon da hannu biyu.

"Ce wa Jummai ta yanka."

Ana yanka da zarto tana yi mata tambayoyi ta bakina. Ina gidanta? Janet ta nuna wani jan jirgi ta taga. Tana da 'ya'ya? Biyu, a cikinsa ta raine su, yanzu har da jikoki. Ba wanda ya faɗa ruwa? Janet ta yi dariya ta ce babu wanda bai faɗa ba, har ita. Da ta ga fuskar Gwaggo ta daina dariyar. Ta ajiye zarto ta ce mu biyo ta. Ta ɗauko wata doguwar sanda a kan rufi ta miƙa wa Gwaggo, ta ce ta soka a ruwa. Gwaggo ta soka, sanda ta taɓa ƙasa. Ta zaro ta, ta jingina a jikinta, alamar ruwan ta tsaya mata a ƙirji. Ta koma ɗaya gefen ta sake sokawa. Da muka koma ciki ta cire rigar ceton ta rataye.

Tanki ya shiga. Janet ta naɗa wani farin zare a bakin kowace mahaɗa ta ɗaure, ta saki tiyon inji, ta ƙara ruwan lagireto. Ta kunna injin tura ruwa, famfuna suka yi ta tari suna tofar da iska har ruwa ya daidaita. Maza suka dawo daidai nan, aka tayar da inji. Janet ta shafa mahaɗan da hannu ta ce ta ga kamar lafiya.

"Kamar ba ta ishe ni ba," in ji Gwaggo.

Ta goge ƙasan kabad da tsumma har ya bushe, ta aike ni na ɗebo garin tuwo a cikin kayan gara, ta barbaɗa shi ƙasan tankin siriri-siriri. Ta ce a gida da toka suke gane randa mai yoyo. Ta karɓi tocila ta zauna dirshan.

Muka yi la'asar muka dawo, tana nan. Mubarak yana tsaye a bayanta ko numfashin kirki ba ya yi. Can ta ce, "Zo ka gani." A kan farin garin ga wani ɗan tabo guda, kamar ƙwayar gero.

Ɗigo ɗaya. Abin da ta ce ke nan jiya. Mubarak ya sunkuyar da kai ya juya zai fita.

"Ina za ka?" in ji ta. Ta ɗaga tocila ta bi bututun sama, ta ɗora yatsa a kan wata mahaɗa. "Ga shi nan inda yake fitowa. Kira min Jummai ta ƙara matse wannan."

Janet ta zo ta ba mahaɗar rabin juyi da sifana. Gwaggo ta share, ta sake barbaɗa sabon gari, ta sake zama. Rana ta yi ja a kan rufin masana'antu. Injin tura ruwa bai sake gurnani ba. Da ta gaji da kallo ta miƙa min hannu na tashe ta, ta shiga banɗaki ta buɗe famfo. Tururi ya taso. Ta sirka, ta yi alwalarta a nutse, ta fito tana gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce a ba ta waya.

"Alhaji? Ni ce. Ka gaya wa liman gobe in Allah ya kai mu." Ta saurara. "A'a, ban ce ina so ba. Na ce a ɗaura."

Mubarak ya zube a ƙasa yana godiya, Hausar ta gudu gaba ɗaya. Ni kuwa na fita waje na yi kukana son raina.

Komawa gida

Bayan magariba aka sake jere, wannan karon bango biyu, tukunya nan tukunya can, ango yana tsaye yana nuna inda nauyi zai zauna, ba wanda ya kore shi. Rabin kayan ya koma mota. Turmi dai Gwaggo ta ce ba inda za shi, aka sa shi a tsakiya. Ta ba Janet kula guda cikin waɗanda suka rasa wuri, ta cika mata ita da dambun nama.

Abban Nana ya riga ya ɗauko motar daga Lozells. Muka yi sallama da Hajiya Binta a waya, muka kama hanya. Tun kafin mu fita Birmingham Gwaggo ta yi barci a kafaɗata. Muka sauke ta a Whalley Range ana ta hidimar girki, Zahra ta rungume ta, ita kuma tana ture ta tana cewa za ta ɓata lallenta. Muka iso Longsight lafiya. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, sannan ga Hajiya Binta da ta sauke mu, da Janet da ta ajiye aikinta ta yi namu, da Abban Nana da bayansa ya yi mako yana ciwo. An ɗaura aure ranar Asabar, ranar Lahadi muka kai amarya.

Bayan shekara biyu Zahra ta haifi 'ya mace. Aka yi ta shawarar ta dawo gida wanka, sai ga waya daga Kano: Gwaggo ta ce kada a motsa mai jego, ita za ta zo. A cikin jirgin ta yi arba'in ɗin nan cur, tana kwana a kujerar falo, tana tashin Mubarak tun duku-duku ya tayar da inji, domin ruwan wankan jego sai ya yi zafin da take so. Maƙwabtan jirage suka saba da ƙarar turmi da hantsi. Wannan ne zuwanta na ƙarshe. Gwiwoyin sun kwantar da ita yanzu, ba ta fita ko ƙofar gida, idon ma ya yi rauni. Bara da na je Kano na same ta a kan tabarma a tsakar gida. Ta tambayi kowa da suna, har Jummai. Sannan ta jawo ni kusa ta ce, idan na koma na gaya wa yaron nan ya riƙa leƙa ƙasan kabad duk Juma'a, kuma yarinya ta fara tafiya, a sa ƙyaure a bakin ƙofa.